Digiri na biyu a ilimin halayyar ma'aikata: daga sayen fom zuwa ƙofar masana'anta

Duk wanda ya ce zai karanci ilimin halayyar ɗan Adam a wurin aiki, ruɗanin farko da zai tarar shi ne kwas uku ne masu kama da juna, kuma masu ba da shawara kan gwama su wuri guda. Akwai saikolojin ilimi (saikoloji shi ne ilimin halayyar ɗan Adam), wanda ake koyarwa a tsangayar ilimi ta jami'o'inmu na Arewa da yawa, shi ruwansa ɗalibi da yadda yake koyo. Akwai kwas ɗin kula da ma'aikata da ke ƙarƙashin sashen kasuwanci, wanda ya fi karkata ga albashi, dokar ƙwadago da tsarin ofis. Na ukun, ilimin halayyar ma'aikata, shi ne wanda na yi digiri na biyu a kai, reshe ne na saikoloji kansa. Aikinsa gano wa ya dace a ɗauka aiki da yadda za a tantance shi, me ke sa ma'aikaci ya zauna ko ya ajiye aiki, da yadda gajiya da halin shugaba da tsarin duti ke taɓa abin da mutum ke fitarwa. Rabin karatun awo ne da lissafi. Wanda ya shigo yana zaton zai koyi karanta fuskokin mutane ko rarrashin masu damuwa zai sha mamaki tun a makon farko.

Sashen saikoloji na farko a Nijeriya a Jami'ar Nsukka aka buɗe shi a 1964, kuma har yau a kudu aka fi samun wannan reshen, musamman Ibadan da Legas. A ɓangarenmu akwai sassan saikoloji a Jos, Makurɗi, Keffi da makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna. Sai dai samun sashe daban, samun reshen daban. Ba kowace shekara ake ɗaukar ɗalibai a kowane reshe ba, don sai akwai malamin fannin da ke da sararin duba aikinsu. Shi ya sa kafin in biya ko kwabo na je sashen da ƙafata, na nemi malamin da ke kula da ɗaliban digiri na biyu, na tambaye shi ko za a buɗe reshen bana, wane irin digiri suke bayarwa, da yaushe ajin da ya shiga shekara biyu da suka wuce ya gama. Amsar ta ƙarshe ce ke gaya wa mutum gaskiyar tsawon karatun. A takarda wata 18 ne zuwa 24, amma yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai wata takwas ya ci.

Tambaya ta biyun ma ba ta wasa ba ce. Jami'o'i irin su Ibadan da Legas suna da digiri na biyu iri biyu a wannan fage: na ilimi, wanda ake rubuta cikakken kundin bincike, da na ƙwarewa, wanda aka tsara wa manajojin da ke kan aiki, kuɗinsa kuma ya fi yawa. Dukansu digiri ne, amma na ƙwarewar ba kasafai yake kai mutum digiri na uku kai tsaye ba. Mai niyyar koyarwa a jami'a ya nemi na ilimin, ya kuma san cewa a wurare da yawa sai matsakaicin makinsa ya kai 60 cikin 100 kafin a bar shi ya wuce gaba. Wanda digirinsa na farko ba na saikoloji ba ne, kamar mai soshiyoloji ko kasuwanci, wasu sassan kan ce sai ya fara da difiloma ta gaba da digiri, shekara guda ke nan ƙari.

Fom a intanet ake cikewa, kuma a lokacinmu, a jami'ar tarayya, ta hanyar Remita ake biya. A ajiye lambar biyan da rasit ɗin banki a wuri guda, don za a sake nemansu ranar tantancewa. Takardun da aka nema a wurina su ne shaidar digirin farko mai aƙalla 2:2, sakamakon sakandare mai kiredit biyar har da Turanci da lissafi, shaidar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, shaidar haihuwa, takardar ƙaramar hukuma, hotunan fasfo da wasiƙun mutum uku da suka san ni, biyu daga cikinsu malaman jami'a. Duk waɗannan a mako guda ake haɗa su. Wadda ke tsayar da mutane ita ce takardar cikakken sakamako da tsohuwar jami'a ke aikawa kai tsaye, ba a ba ɗalibi a hannu. Tana iya ɗaukar watanni, kuma ko ta iso tana iya kwanciya a ofishin karɓar wasiƙu ba ta shiga fayil ɗin mai ita ba. Abin da ya fisshe ni shi ne na nema tun kafin a fara sayar da fom, na karɓi lambar aikawa, sannan na kai lambar ga sakataren makarantar gaba da digiri ya binciko ta. Wani abin da ke kama mutanenmu da yawa shi ne rubutun suna: Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, ko sunan gari a ƙarshen ɗaya babu a ɗaya. Wannan sai takardar rantsuwa daga kotu, wani wurin ma har da sanarwa a jarida. Gara a gama da ita kafin ranar tantancewa, domin a ranar layi ne mai tsawo, kuma wanda aka mayar baya sai ya sake bin sa daga farko.

An yi mana jarrabawar shiga, yawancinta ƙididdiga da hanyoyin bincike. Daga nan sai jira, wanda ba abin da mutum zai yi sai leƙa shafin jami'a safe da yamma yana zullumi. Da suna ya fito akwai kuɗin amsa tayi, da na makaranta, da ɗan abin da sashe da ƙungiyar ɗalibai ke karɓa, kowanne da rasit ɗinsa. Fom ɗin rajistar kwasa-kwasai sai mutum uku ko huɗu sun sa hannu, kuma a riƙe kwafi ɗaya mai hatimi, domin idan sakamakon wani kwas ya ɓata shi ne hujja.

Zango biyu muka yi a aji. Akwai nazarin aiki, zaɓen ma'aikata, ilimin awon halayya, ƙarfafa gwiwa da shugabanci, horar da ma'aikata, haɗurra da lafiyar wurin aiki, sai ƙididdiga mai zurfi. Wanda ya fi koya mini abu shi ne aikin da aka ba mu a nazarin aiki. Kowa ya zaɓi sana'a ɗaya, ni na ɗauki ma'ajin sito. Ana zama da masu yin aikin, a zauna da wanda ke sama da su, a kuma tsaya a kalli aikin duti guda cur. Sannan a bi hanyar da John Flanagan ya tsara a 1954: maimakon a tambayi mutum "me ake buƙata a aikin nan", wanda amsarsa kullum gaskiya da riƙon amana ce, sai a ce ya ba da labarin ranar da wani ma'aji ya yi abin da ya ceci kaya, da ranar da wani ya jawo asara, me ya yi daidai, me ya biyo baya. Daga labarai talatin ko arba'in ake tsamo abin da aikin ke nema a zahiri. A nawa, abin da ya yi ta maimaituwa shi ne iya cewa a'a ga direban da ke gaggawa yana son a sa hannu kafin a ƙirga kaya. Daga nan ake rubuta tambayoyin intabiyu iri ɗaya ga kowa, da misalin amsar da ta cancanci maki 1, 3 da 5. Binciken Schmidt da Hunter na 1998, wanda ya tattara sakamakon shekara 85, ya nuna irin wannan intabiyu ta fi ta hira kara-zube hasashen wanda zai iya aiki, kuma da Sackett da abokansa suka sake lissafin a 2022 ita ce ta zo kan gaba, har ta wuce gwajin kaifin basira. Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamitin ɗaukar aiki a ƙasar nan ya san wace iri aka fi yi.

Kwas ɗin ƙididdiga shi ke kayar da mutane, kuma ba don wuyarsa ba, don ana koyar da shi a allo ne ba a kwamfuta ba. Maganin shi ne mutum ya sauke manhajar ƙididdiga irin jamovi ko JASP, kyauta suke, ya riƙa maimaita kowane misalin aji da hannunsa a daren ranar. Manhajar SPSS ta kuɗi ce, amma wasu sassan teburinsa suka saba gani, don haka a tambaya tun da wuri. Akwai masu shaguna a bakin get da ke yi wa ɗalibai lissafin babi na huɗu na kundi, inda ake fitar da sakamakon bincike. Aikinsu yakan fito tsaf a takarda, sai ranar kare kundi a nuna wa ɗalibi lamba ɗaya a ce ya bayyana ta, ɗaki ya yi tsit.

A ƙarshen zango na biyu akan tura mutum sanin makamar aiki na wasu makonni a ofishin kula da ma'aikata na wata ma'aikata. Ɗalibai da yawa sa hannu kawai suke nema a littafin. A ganina nan ne ya kamata a fara shirin bincike, domin wahalar digirin nan ba a aji take ba, a ƙofar ma'aikata take. Tsarin da aka saba shi ne a zaɓi take, a rubuta babi uku, a kare, sannan a fita neman inda za a tattara bayanai. Malamin da ya duba aikina ya juya mini shi. Ranar da na kai masa take uku, bai ko karanta su ba ya ce, "Malam, wace ma'aikata ce ta ce za ta bar ka ka shiga?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ina sa ran banki." Ya ce in je in dawo da takarda mai hatimi, sannan mu yi maganar take.

Manajan reshen bankin ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya ce shi ba shi da hurumi, sai hedikwata a Legas. Wasiƙar ta tafi, amsa ba ta dawo ba. Haka bankuna da manyan kamfanonin sadarwa suke, izini daga sama yake zuwa, kuma ɗalibi ba ya cikin abin da ke gabansu. Inda aka buɗe mini ƙofa wata masana'antar roba ce a ɗaya daga unguwannin masana'antu na Kano, inda mai yanke hukunci yana cikin ginin. Manajan ma'aikata abu uku ke damunsa, ko da yake bai faɗe su a jere ba: kada in zama ɗan leƙen asirin ƙungiyar ƙwadago ko na wata hukuma, kada injin ya tsaya saboda ni, kada sunan kamfanin ya fito a wani wuri. Wasiƙar gabatarwa ta sashe ba ta amsa ko ɗaya, layi huɗu ce kawai. Sai na haɗa da tawa mai shafi ɗaya: ba za a ambaci sunan kamfani a kundi ba, ba za a taɓa lokacin aiki ba, ga kwafin tambayoyin a duba, kuma in an gama zan kawo rahoto gajere. Na roƙi a ba ni amsa a rubuce tare da adadin ma'aikata a kowane sashe da kowane duti. Wannan takardar ta yi mini aiki sau uku: wajen malamina, wajen kare tsarin bincike, da wajen kwamitin ɗa'a.

Sai da wannan ta samu muka tsayar da take, dangantakar gamsuwa da aiki da ƙonewar ƙarfi, wato gajiyar jiki da zuciya da ta taru ta yi katutu, tsakanin ma'aikatan masana'anta. A fannin nan ba a zama a ƙirƙiri tambayoyi da ka. Takardar tambayoyi mudu ce, wadda aka riga aka gwada aka san abin da take ci ita ake ɗauka. Amma kowace da mai ita. Ma'aunin ƙonewar ƙarfi na Maslach, mai tambaya 22, shi ya fi suna, kuma yana yawo a kundayen ɗalibai kamar na kowa ne, alhali kamfanin Mind Garden ke sayar da lasisinsa da dala gwargwadon kwafin da za a raba, ba a kuma yarda a buga shi dukansa a bayan kundi ba. Na ɗauki wani ma'aunin ƙonewar ƙarfi da ake kira na Kofanhegan, wanda aka fitar a 2005, kyauta ne. Tambaya 19 gare shi a kashi uku: 6 kan gajiyar mutum gaba ɗaya, 7 kan gajiyar da ta shafi aiki, 6 kan hulɗa da abokan ciniki. Kashi na ukun bai shafi mai aiki da inji ba, don haka 13 na yi amfani da su, na kuma rubuta dalili a babi na uku. Don gamsuwa da aiki na ɗauki ma'aunin Paul Spector na 1985, mai tambaya 36 a fanni tara, hurhuɗu: albashi, ƙarin girma, shugaba, alawus, yabo da lada, ƙa'idojin aiki, abokan aiki, yanayin aikin kansa, da isar da bayani. Ya yarda ɗalibai su yi amfani da shi kyauta da sharaɗin a aika masa sakamakon.

Yawancin waɗanda zan tambaya Hausa suka fi ji, wasu ma ba sa karatun boko, don haka dole a mayar da tambayoyin Hausa, kuma wannan ma da ƙa'idarsa, wadda Richard Brislin ya shimfiɗa a 1970. Mutum biyu kowa ya yi tasa fassarar ba tare da ganin ta ɗan'uwansa ba, aka zauna aka daidaita, sannan na uku da bai taɓa ganin ta asali ba ya mayar da ita Turanci, aka gwada da ta asalin. Bayan haka na karanta wa mutum kaɗan ina tambayar kowa me ya fahimta, sannan na yi gwajin farko da mutum 40 a wata masana'anta daban, domin waɗanda aka yi gwaji da su ba sa shiga babban binciken. Matsala uku suka fito. Ta farko, zaɓin amsa shida ne, daga ƙin yarda sosai zuwa yarda sosai, kuma in aka karanta wa mutum su shida a jere, na ƙarshen kawai yake riƙewa. Sai muka raba biyu: a fara da "ka yarda ko ba ka yarda ba?", in ya zaɓa a ce "kaɗan, tsaka-tsaki, ko sosai?" Ta biyu, tambayoyin da ke da korewa a cikinsu. In aka ce wa mutum "ba na jin ana yaba aikina", ya ce "a'a", ba a san ko ya ƙaryata maganar ba ne ko ya tabbatar da ita. Dole mai karantawa ya sake tambaya da lafazin yarda. Ta uku ta fi girma: tambayoyin ƙarin girma da alawus ba su da ma'ana ga 'yan kashuwal, waɗanda ake biya da kwana ko mako. Ba a cire tambaya a ɓoye. Ko dai a ware su a lissafa nasu daban, ko a faɗa a fili cewa binciken na ma'aikatan dindindin ne. Na zaɓi warewa, don su ne suka fi yawa a wasu sassan.

Kare tsarin bincike a gaban malaman sashe ya zo da sauƙi, tunda tambayoyin da suka fi yi, ina za ka samu mutanen da wane ma'auni za ka yi aiki da shi, amsarsu tana hannuna a rubuce. Kwamitin ɗa'ar bincike ya nemi fom ɗinsa, kwafin tsarin, takardar neman yardar mai amsawa da Turanci da Hausa, tambayoyin, wasiƙar masana'anta da rasit. Ba kowane mako yake zama ba, don haka a tambayi ranar zamansa na gaba a shigar kafin ta. Kada a raba takarda ko ɗaya kafin kwanan watan da ke jikin amincewarsu, mai jarrabawa na waje yakan gwada ranakun. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023: ba suna, ba lambar ma'aikaci, ba lambar waya a jikin takardar amsa. Takardar yarda da ake sa wa hannu ko dangwale daban ake ajiye ta.

Yawan mutanen da za a tambaya ba a ƙiyasta shi da ido. Teburin Krejcie da Morgan na 1970 ya ba da 217 ga ma'aikata mai mutum 500, 278 ga mai 1,000. Lissafin Yamane yana ba da 222 ga 500 ɗin, kusan abu ɗaya. A ƙara kashi 20 cikin 100 a kan 217 ɗin saboda waɗanda za su lalace ko ba za su dawo ba, 260 ke nan, a kuma raba su gwargwadon girman kowane sashe da duti, kada a cika su da 'yan ofis don sun fi sauƙin samu. Nan ne kuɗi ke fita. Takarda mai shafi biyar da ta yarda ɗaya, sau 260, shafi 1,560 ne na fotokwafi. Ga ambulan ɗaya ga kowa, ga biro da yawa don ba ya dawowa, ga akwati mai kwaɗo, ga sallamar mataimaka biyu da kuɗin motarsu. Ɗaya daga cikinsu mace ce, domin sashen ɗaure kaya mata ne suka fi yawa kuma sun fi sakin jiki da ita. In aka haɗa da zirga-zirga tsakanin makaranta da Kano, wannan matakin ya fi kowane cin aljihu in ban da kuɗin makaranta.

Ranar farko heluman wani sashe ya zo da fara'arsa ya ce in ba shi takardun ya raba wa yaransa, gobe in zo in karɓa a cike. Taimako yake nufi, amma huɗu daga tambayoyin a kan shugaba suke, wato a kansa. Na yi masa godiya, na ce makaranta ce ta hana. Tun binciken masana'antar Hawthorne a Amurka tsakanin 1924 da 1932 ake muhawarar yadda ma'aikaci ke sauyawa in ya san ana kallonsa, balle a ce wanda ke rubuta masa duti ne zai karɓi amsarsa. Mun zauna a rumfar da ake cin abinci, nesa da ofis. Wani dattijo mai kula da injin niƙa roba ya juya takardar gaba da baya, ya ce, "Ɗana, tsakaninka da Allah, wannan oga zai gani?" Na ce, "Baba, duba ko akwai inda aka ce ka sa suna." Na ba shi ambulan ya liƙe da kansa, ya jefa a akwatin, ya jijjiga kwaɗon ya ji a kulle yake. Bayan ya tashi mutanen sashensa suka fara zuwa da kansu.

Lokaci ma sai an zaɓa. Masu tashi daga dutin dare a gajiye suke, hankalinsu na kan abin hawa, in an tsayar da su sai su bi layi ɗaya su yi ta cankawa. Masu shigowa da wuri da lokacin hutun azahar sun fi. A guji makon biyan albashi, da yammacin azumi, da duk lokacin da ake raɗe-raɗin rage ma'aikata, don a lokacin kowa zai ce ya gamsu. Wanda ake karanta wa yana cin kusan minti ashirin, kuma mataimaki ya karanta abin da ke rubuce kawai, kada ya ƙara nasa bayani ko misali. Ruwan leda ko lemo ba laifi, amma kuɗi a hannu yana sa mutum ya nemi amsar da yake zaton ana so.

Da aka buɗe akwati na ba kowace takarda lamba, na shigar a Excel, layi ɗaya ga mutum ɗaya, sannan na zaro kashi 10 cikin 100 na sake gwada su da abin da na shigar. Waɗanda suka canki amsa ɗaya daga sama har ƙasa an ware su, kuma a ma'aunin Spector gane su ba wuya, domin 19 daga tambayoyi 36 a juye suke, mai gaskiya ba zai yarda da duka ba. Waɗannan 19 sai an juya makinsu kafin a haɗa jimla, wato a cire amsar daga 7, 6 ta koma 1, 2 ta koma 5. A na Kofanhegan ma akwai guda ɗaya a kashin aiki, wadda ke tambayar ko mutum na da sauran ƙarfi don iyali da abokai. Wanda ya ga alfan Cronbach ɗinsa, wato lambar da ke nuna ko tambayoyin abu ɗaya suke aunawa, ya faɗi warwas ko ya fito da alamar ragi, ya fara duba nan kafin ya zargi ma'aikata. Ana son alfa ya kai 0.70, amma kada a firgita in fannin ƙa'idojin aiki da na abokan aiki suka gaza, a alƙaluman mai ma'aunin kansa 0.62 da 0.60 suke, jimlar ce ke da 0.91. Makin gamsuwa daga 36 yake zuwa 216: ƙasa da 108 rashin gamsuwa, sama da 144 gamsuwa, tsakani kuwa ba nan ba can.

A karewar cikin gida abin da aka fi kama ɗalibai da shi shi ne cewa wani abu ya haddasa wani. Binciken da aka tambayi mutum sau ɗaya, a rana ɗaya, da takarda ɗaya, dangantaka kawai yake nunawa. Ko rashin gamsuwa ke kawo gajiya, ko gajiyar ke sa komai ya gundure shi, ko halin da ya tashi da shi ranar ne ya rina amsoshin biyu, takardar ba za ta raba wannan gardama ba, kuma gara ɗalibi ya rubuta haka da kansa a babi na biyar. Kafin a tura wa mai jarrabawa na waje sai kundi ya bi ta na'urar gano satar rubutu, kowace makaranta da iyakar da ta sa, kuma babi na biyu, inda ake bitar rubuce-rubucen wasu, shi ne ke ɗaga lambar. Shi na wajen ba a kiransa don mutum ɗaya, sai an tara ɗalibai, saboda haka wanda ya gama da wuri yana iya zaman jiran 'yan ajinsa. Ana kai kwafi masu bango mai laushi gwargwadon 'yan kwamiti. Kada a yi bango mai tauri sai mai jarrabawa na cikin gida ya sa hannu cewa an yi gyare-gyaren, kuma a karɓi samfurin launi da tsarin rubutun bango daga makarantar gaba da digiri, don kan tazarar gefen shafi kaɗai ana mayar da kundi.

Bayan haka sakamako zai bi ta sashe, tsangaya, hukumar makarantar gaba da digiri, sannan majalisar jami'a, kowacce da ranar zamanta. A wannan jiran na cika alkawura biyu. Na aika wa Spector sakamakon da ya sharɗanta, na kuma kai wa masana'antar rahoto mai shafi biyu. A rahoton ban fitar da sakamakon rukunin da bai kai mutum goma ba, domin a sashe mai mutum shida manaja zai iya lissafa wa ya ce me. In da za a tambaye ni jerin da ya fi rage ɓata lokaci, shi ne takardar cikakken sakamako kafin fom, ma'aikata kafin take, izinin ma'auni kafin babi na uku, ranar zaman kwamitin ɗa'a kafin ranar fita fili.

Da majalisa ta amince sai zagayen sallama, laburare, ofishin kuɗi, sashe da ɗakin kwana, sannan a ba da takardar shaidar sakamako, wadda ake neman aiki da ita kafin satifiket ya fito. Mai son aiki a ofishin kula da ma'aikata ya san cewa digirin bai ɗauke masa rajista da CIPM ba, cibiyar ƙwararrun fannin da aka kafa a 1968 ta kuma samu dokarta a 1992. Kamfanoni da yawa suna sa ta cikin sharuɗɗan talla. Tana da matakan jarrabawarta, kuma matakin da mutum zai fara ya danganta da takardun da ya gabatar, don haka a tafi da takardar shaidar sakamakon tare da ta digirin farko ranar neman rajista.